Zaiba a Bakin Mai Jego

Haƙorin ya fara ciwo tun ina amarya. Can ciki yake, gefen dama, ya yi kogo har ƙwayar gero takan shiga ta zauna. Na sa kanumfari, na sa jar kanwa, duk a banza. Maigidana a lokacin direban tifa ne a kamfanin da ke gina madatsar ruwa ta Bakolori, kuma akwai ɗan asibiti na ma'aikata da iyalansu. Wata Laraba ya ɗauke ni daga gidanmu na Bakura ya kai ni. Likitan ya kankare kogon da wani inji mai kukan sauro, sannan ya kwaɓa wani abu a ɗan turmin gilashi, ya zuba a ƙyalle ya matse, ya danna mini a haƙorin. Da laushinsa ya shiga, kafin yamma ya yi tauri yana ƙyalli kamar azurfa. Ciwo ya tafi. Na yi ta wangale baki ina nuna wa matan gida, har uwar mijina ta ce in rufe kada ƙuda ya faɗa.

Da shekara ta zagayo na koma Talata Mafara, gidan mahaifina, don haihuwar fari. Allah ya ba ni 'ya mace. Mu mahauta ne kaka da kakanni, kuma mai jego a gidan mahauta ba ta da bakin kukan yunwa. Kullum Baba zai aiko daga mahauta da tsoka mai kyau a gasa mini da yaji, ga ƙauri na tafasa a tukunya, ga kunun kanwa safe da yamma. Mahaifiyata ta rasu tun ina ƙarama, don haka Gwaggo, yayar Baba, ita ce da wankana. Gwaggo ba ta yarda da ɗumi ba. Ruwan wanka sai ya tafasa, ta tsoma ganyen darbejiya ta fyaɗa mini a baya. Kunu kuwa idan bai ƙona leɓe ba, a wurinta ruwan randa ne. Dokarta ɗaya ce, kada sanyi ya shiga jikin mai jego har kwana arba'in.

Ranar suna Kawu ya zo daga Maradun. Ƙanin mahaifiyata ne, maƙerin farfaru, shi ke ƙera wa mata zobba da warwaro. Ya kawo wa jaririyar wani ɗan warwaro na azurfa, yana tsokanata wai ta fi ni hanci. Na yi dariya da dukkan bakina, kamar yadda na saba tun da aka yi mini cikon. Sai ya tsaya.

"Buɗe in gani. Wa yay yi miki aikin ga?"

Na ba shi labari da alfahari, har da ɗan turmin da ƙyallen da aka matse. Ya gyaɗa kai irin na mai sana'a da ya ga aikin ɗan'uwansa.

"Wagga zaiba ta, ɗiyata. Babu abin da ka sa azurhwa ta yi laushi ba wuta sai zaiba."

Na san zaiba. Muna yara ya taɓa ɗiga mana ita a faranti, tana gudu tana rabuwa tana haɗewa, ya hana mu taɓawa. Na tambaye shi me take yi wa mutum. Ya ce ita zafi ne ba ta so, da ta ji wuta sai ta tashi ta zama hayaƙi ta shiga jiki. Ya ce maigidansa da ya koya masa ƙira ya shekara yana shaƙarta a maƙera, a ƙarshe hannunsa rawa yake yi, ko moɗa ba ya iya kaiwa baki sai an riƙe masa. Bai faɗa don ya tsorata ni ba. Labarin sana'arsa yake bayarwa. Aka kira shi cin abinci, da la'asar ya kama hanyar Maradun.

Na zauna na yi lissafina ni kaɗai. Zaiba tana bakina. Zafi ne ke tayar da ita. Ni kuwa duk abin da zai shiga bakina daga nan har arba'in da tururinsa zai shiga. Abin da ya shiga jikina kuma nono zai zama, nonon nan wannan 'yar da ko ido ba ta gama buɗewa ba za ta sha. Na dubi hannayenta, 'yan yatsu kamar tsinken tsintsiya, na ga suna rawa. Duk jariri hannunsa yana rawa, yanzu na sani. A ranar ban sani ba.

Mai hankali da sai ta faɗa wa Gwaggo. Ni ban faɗa ba, kuma dalilaina har uku ne, duk na wauta. Na farko, 'yar fari ce. A wurinmu uwa ba ta nuna ta damu da ɗan fari, ko sunansa ba ta kamawa, ko kuka yake sai wani ya ce ta ɗauke shi. Ta yaya zan buɗe baki in ce tsoro nake ji saboda ita? Na biyu, maigidana ne ya kai ni asibitin, Baba kuwa dama ba ya son aikinsa, don abokan cinikinsa da yawa ruwan dam ya cinye musu gonaki da makiyaya. Na uku shi ne babba. Na tabbata idan aka ji akwai guba a jikina za a cire mini ita daga nono.

Wanda zan tambaya kuma babu. Maigidana ya koma aiki washegarin suna, bayan 'yan kwanaki manoman da aka karɓe wa gonaki suka tare hanyoyin shiga wurin aikin. Ba shiga ba fita, sai jita-jita a bakin masu zuwa kasuwa. Ko da hanya a buɗe take, mai jego ba ta taka ƙofar gida.

Sai na shiga dabara. Matar yayana tana gidan, tana goyon ɗa namiji ɗan wata biyar, mace ce mai son kunun kanwa kamar me. Da Gwaggo ta ajiye ƙwarya ta juya baya, sai in ce mata ya ginshe ni, ta shanye. Naman ma ita ke ci, tana mini dariya wai 'yar mahauta ta ƙoshi da nama tun a ciki. Ni sai tuwo idan ya huce, loma uku ko huɗu, a gefen hagu. Wanka ne ba shi da makawa. Shi ma na samo masa hanya. Kafin in shiga makewayi sai in saci ruwan randa in cika baki, in riƙe shi a kumatun dama har a gama, wai haƙorin ya zauna cikin sanyi. Gwaggo tana fyaɗa mini ganye tana surutunta, ni ina gyaɗa kai. Ta ɗauka kunya ce.

Mafi muni shi ne abin da na yi wa yarinyar. Idan na sa ta a nono sai in riƙa ƙirga zuƙarta, kafin ta ƙoshi in zare. A tunanina kaɗan ya fi yawa sauƙi. Idan ta yi kuka in ɗiga mata ruwa da yatsa. Kwanakin farko ƙirjina ya cika ya yi tauri har zazzaɓi ya kama ni, daga baya ya saki. Na ji daɗin sakin, ban san abin da yake nufi ba. Kukanta ma ya ragu. Matan da ke zuwa barka suna cewa Allah ya ba ni 'ya mai haƙuri, ni kuwa na ga warwaron Kawu da yake zaune a wuyan hannunta ya fara zamewa har gwiwar hannu.

Kwana ashirin da ɗaya da haihuwa asirina ya tonu. Muna wankan safe Gwaggo ta tambaye ni sau nawa yarinyar ta jiƙa tsumma tun jiya. Wannan ba tambayar gyaɗa kai ba ce. Ta sake tambaya. Na ƙara matse ruwan a kumatu. Ta zuba mini ganye mai zafi tsakanin kafaɗu, na kasa riƙewa, ruwan ya fito ya zuba a kan ƙafarta. Ta dubi ƙafar, ta dube ni.

"Ruwan sanyi na wanga. Ke, mi kika nuhi?"

Ba ta ɗaga murya ba, kuma shi ya fi ba ni tsoro. Ta bar ni tsugune ta nufi ɗaki. Da na ɗaura zane na bi ta, na tarar ta warware yarinyar tsirara a cinyarta. Ta shafa maɗigarta, ta ji ta faɗa ciki. Ta ja fatar cikinta, fatar ta tsaya ba ta koma ba. Sannan ta kama nonona ta matsa ba tare da ta tambaye ni ba. Ɗigo biyu suka fito, na uku ya ƙi. A nan na faɗa mata komai, ina kuka ina haɗa Kawu da likita da maƙera, ban san ko ta gane rabinsa ba.

Ta aika aka kira Baba daga mahauta, ya zo da jini a bakin rigarsa. Bai taɓa shiga ɗakin jegona ba sai ranar. Ya saurara har aka gama. Ya sa babban yatsa ya danna haɓata kamar yadda yake yi wa saniya a kasuwa, ya juya fuskata wajen haske ya daɗe yana kallon haƙorin. Sannan ya dubi jikarsa.

"Zaiba ban san ta ba," in ji shi. "Amma dabbar da yunwa ka ci, in na gan ta na san ta. Ga biyu nan gabana."

Na roƙe shi a kira wanzami ya cire haƙorin a huta. An kira shi. Ya duba, ya duba idona, ya ce shi ba zai zubar da jinin mai jegon da ba ta da jini ba, kuma haƙorin lafiyarsa lau. Na yi masa rashin kunya, har yau ina jin nauyin abin da na faɗa wa dattijon nan. Ya naɗe zabirarsa ya tafi.

Gwaggo ba ta jira shawarar kowa ba. Ta ɗauki yarinyar ta miƙa wa matar yayana. Baba ya tsaya a bakin ƙofa ya ce kowa ya shaida, daga yau wannan da ɗan yayana nono ɗaya suka sha, babu aure tsakaninsu har abada. Ina zaune a gefen gado ina kallo. Da farko ta kasa kamawa don rashin ƙarfi, sai da aka matsa mata a baki. Da ta kama kuwa, daga inda nake ina jin haɗiyarta. Ban taɓa barinta ta sha haka ba. Na ji daɗi, na ji kishi, na tsani kaina, duk a lokaci guda. Gwaggo ta ajiye mini ƙwaryar kunu yana tururi. Na ɗauka na kafa kai, ya ƙona mini harshe da ganɗa, ban sauke ba sai da na ga ƙasan ƙwaryar.

Daga ranar na ci duk abin da aka ba ni. An dafa mini saiwoyi, an dama mini kunun gero da jiƙo iri-iri, Baba ya riƙa aiko da hanta. Nono ya ɗan dawo, amma ba na ƙoshi ba. Idan aka ba ni ita sai ta zuƙa sau biyu ta saki, ta juya kai tana nema. Da ta ji muryar matar yayana a tsakar gida sai ta ɓare baki. Ta yi ƙiba, maɗiga ta ciko, kowa na hamdala. Ni ma ina yi.

Bayan arba'in hanya ta buɗe, maigidana ya zo ya mayar da ni wurin likitan. Ya ce gaskiya ne akwai zaiba a cikon, amma a ɗaure take da azurfa da wasu ƙarafa, abin da ke fita kaɗan ne, kuma zafin kunu ba wutar maƙera ba ne. Ya ce tone cikon ma zai fi fitar da ita fiye da barinsa. Na tambaye shi kaɗan ɗin nawa ne, kuma nawa ke kaiwa ga nono. Ya buɗe hannuwa ya ce ba shi da abin aunawa a nan. Magana ce da ba ta kai minti biyar ba, ita na rasa na kwana goma sha huɗu.

Na ƙara wata guda a Mafara ina gwadawa, har nonon ya ɗauke gaba ɗaya. Baba ya yanke hukunci yarinya za ta zauna wurin mai shayar da ita har yaye, ni in koma ɗakina. Ba wanda ya ga abin mamaki, 'yar fari dama ta dangi ce. Ni ma na bi hukuncin, don ba a san uwa da yin gardama a kan ɗan fari ba.

Ranar tafiya Gwaggo ce ta ɗaure mini kaya. Na sa majanyin goyo a ciki, sabo, wanda uwar mijina ta aiko. Ta zare shi ta ninke ta ajiye a kan gado.

"Bar shi nan. Nan za a yi goyon."

Na yi sallama da kowa. Yarinyar tana barci a bayan matar yayana, ban leƙa ta ba saboda mutane. Maigidana ya buɗe mini gaban motar na hau. Na zauna a gaba-gaban kujera ina rankwafawa, kamar yadda na ga masu goyo suna yi, har muka wuce kasuwa. Sannan na tuna babu kowa a bayana, na jingina.