Baban Tagwaye na Ƙarshen Baranda

Kafin masu shara su iso ya riga ya buɗe ɗakinsa, can ƙarshen baranda, inda babu taga, sai sanyi da kukan fanka. Ya ajiye fulas ɗin shayi, ya dafa babbar kwamfuta da tafin hannu kamar mai duba zazzaɓin yaro. Duk binciken da ake yi a ɗakin gwaje-gwajenmu a cikinta yake kwana. Kofi biyu ne a kan teburinsa, amma ɗaya kullum a kife.

Baban Tagwaye muke ce masa, don sam bai yarda da faifan ajiya guda ba. Biyu yake haɗawa, abin da ya hau wannan nan take ya hau wancan. Da muka tsokane shi cewa ya cika tsoro, sai ya ce, "Faifai ba ya sallama in zai mutu."

Bara kuwa ɗaya ya mutu, mai gadi ne shaida. A kansa akwai aikin wata ɗaliba da ta yi shekaru tana bin ƙauyuka tana gwada jinin masu zazzaɓi, wasunsu ma sun riga mu gidan gaskiya. Ya zare mataccen, ya sa sabo, ya zauna jiran mai ran ya kwafe masa komai. In shi ma ya tsaya kafin a gama, shi ke nan, wahalarta ta bi ruwa. Ranar ko abinci bai fita ci ba.

Da yamma ɗalibar ta leƙo. "Baba, yau kwamfutar nan nauyi take yi, wallahi ta ɓata min rana."

"Yi haƙuri, 'yata, gobe za ta ware."

Ya juya ya ci gaba da lura da faifan. Ranar walimar kammala karatunta aka gode wa kowa har direba, shi yana ɗakinsa. Abin nan har yau yana ci min rai.

Baba, kai ne wanda in aikinka ya yi kyau sai a manta da kai. Mai tsaron abin da ba nasa ba, mun gode, Allah ya saka maka da alheri.

Ƙarshen watan nan zai ajiye aiki. Komai na wurin nan ya yi masa na biyu, shi kaɗai ne ba shi da na biyu, don ba wanda ya taɓa zama ya koya a wurinsa. Jama'a, lokaci bai ƙure ba. Wani ya je ya ƙwanƙwasa, ya sa shi ya ɗaga kofin nan da ke kife.