Mai Gonar Tsuntsaye

Daga rumfar taliyarta, kusa da wurin awon kofi a garin Menglian, Yu Kham tana kallon wata mata da ba ta taɓa gani ba. Gajeriya ce kakkaura, takalmin robarta duk jar ƙasa, kwando goye a bayanta kamar jariri. Ga kumburin harbin zuma a hannunta. Gonar wannan ba ta san maganin feshi ba, in ji Yu Kham a ranta. Har tana hango ta a zuci da miji da 'ya'ya a ƙarƙashin manyan itatuwa, suna tsinkar jajayen 'ya'yan kofi ɗaya bayan ɗaya, shekara da shekaru maƙwabta na yi musu dariya.

"A'a, mai gonar tsuntsaye!" in ji wani dattijo a layi, yana duban matar. "Ƙanwata, har yanzu ba ki sare itatuwan nan ba? Kofi kike nomawa ko daji?"

"Inuwa nake nomawa, Yaya."

Bana an sha fari. Mai awo yana juye kofin kowa a bahon ruwa, holoƙo marar ƙwaya ya taso sama. Na dattijon, rabi yana yawo a kan ruwa. Nata kuwa ya nutse kaf, ba abin da ya taso sai gashin tsuntsu guda.

Ta tsamo shi, ta yarfe, ta soka wa dattijon a hula.

"Masu cinye mini ƙwari ne, Yaya. Sun ce a gaishe ka."