Fifitar da Inna Ta Yi wa Kwamfuta

Ni ce 'yar fari a wurin Inna, saboda haka ba ta taɓa kiran sunana ba. In tana nemana sai ta ce wa ƙanena, "Kira waccan." In kuma ina kusa sai ta faɗi maganarta tana kallon bango, ni in ɗauka. Haka ake yi a wajenmu, kuma ban taɓa jin zafin abin ba. Ranar aurena tun da sassafe ta ɗauki mayafinta ta tafi gidan ƙanwarta a wata unguwa, ba ta dawo ba sai da aka kai ni Tibiri. Ba ta ga lalle ba, ba ta ga makaɗa ba, ba ta gan ni cikin kayan amarya ba.

Ta rasu bara da damina. In na zauna ina tuna ta, ba kwanakin jinya ke fara zuwa mini ba. Wata bazara ce ke zuwa, lokacin da na je ganin gida karon farko bayan aure.

Autanmu ya koyi aikin hoto da bidiyo a Yamai, ya dawo Dogon Dutsi ya kafa kwamfutarsa a ɗakin da ke jikin zaure. Shi ya ɗauki bikina tun daga farko har ƙarshe. An yi biki da kaka, ga shi har bazara ta shigo bai gama haɗa fim ɗin ba. Ina ajiye jaka na tare shi da maganar.

Ya ce, "Yaya, wallahi ba laifina ba ne. Kart girafik ce."

Na ce ni dai aji shida na tsaya a lakwal, ya yi mini Hausa. Ya buɗe gefen kwamfutar ya nuna mini wani ƙaramin allo mai tsawon tafin hannu biyu. Ya ce shi ke ɗaukar nauyin hoto duka. 'Yar fanka guda ce a jikinsa, ta tsufa, tana kuka kamar gyare. Duk lokacin da ya sa a haɗa fim ɗin sai allon ya ɗauki zafi, ana cikin tafiya komai ya mutu, a koma farko. Ya ce in ya matsa masa zai ƙone, kuma babu irinsa a garin.

Da ni kaɗai ce da na jira har sanyi ya dawo. Amma yanar ido ta fara rufe wa Inna gani. Na lura in tana tsintar wake sai ta kawo faifan daf da fuskarta, kuma auta ya ce kowane wata abin ƙaruwa yake yi. Mun san ba za ta taɓa cewa a nuna mata bikin ba, kuma in an ce ta zauna ta kalla tashi za ta yi. Shirin auta shi ne ya gama fim ɗin, ya kunna shi a tele tsakar gida, maƙwabta su taru, ita kuwa in ta zo wucewa ta saci kallo. Wannan ma sai in ido yana nan.

Dama ya riga ya aika Yamai a sayo masa kayan gyara, amma kafin su iso ya sake gwadawa. Ya bar gefen kwamfutar a buɗe, ya tsuguna yana fifita cikinta da kwali. Inna ta shigo kawo masa fura, ta tsaya.

"Wai mi ke damun abin ga naka?"

"Zahi, Inna."

"Zahi a Dogon Dutsi labari ne? Kuma wa ya koya maka fifita haka, kamar mai korar kaji? Kauce."

Ta je ta ɗauko maficinta na kaba, ta zauna kan kujera 'yar tsuguno tana fifitawa a hankali, yadda take yi wa jariri. Sama da kanta hotunan biki suna wucewa a gilashin kwamfutar. Daga bakin ƙofa na ga ta ɗaga ido sau ɗaya, ta sauke da sauri. Kafin a kai wurin da na fito, kwamfutar ta mutu. Inna ta tashi ta kakkaɓe zane ta ce ita dama ta san abin Nasara ba ya da ƙwari.

Washegari direban motar Yamai ya kawo ƙunshin da wani abokin auta ya aiko: fanka biyu, kowace faɗin murfin kwano, da wani mai mai launin toka cikin sirinji. Inna ta ɗaga sirinjin ta kai shi kusa da idonta.

"Allura za ka yi mata?"

"Shafawa ne, Inna."

"To Allah ya ba ta lahiya."

Muka shimfiɗa tabarma a ɗakin bayan karin kumallo. Aikina shi ne riƙe murfin kwano da ake zuba ƙananan kusoshi, kada su shige rairayi. Ya zare allon, ya kwance tsohuwar fankar da murfinta. Ƙurar da ke tsakanin haƙoran ƙarfen da fankar ke hurawa ta dunƙule kamar audugar katifa. Ya fita da shi waje ya hura da famfon keke, ya dawo da gira fara fat, na yi ta dariya har na kusa zubar da kusoshin. Tsohon man da ke ƙarƙashi ya bushe kamar ƙanzo. Ya goge shi da alkol da tsumma mai laushi har wurin ya yi ƙyalli, sannan ya ɗiga sabo.

Na ce, "Wannan ɗan mitsitsin? Ƙwayar dawa ta fi shi. Ka ƙara mana, ba rowa za ka yi wa bikina ba."

Ya ce, "Yaya, ba man kitso ba ne."

Fankokin ba su da wurin ɗauri a jikin allon, sai ya ɗaure su da siririyar waya ta kusurwa huɗu, ni ina danne su da yatsa. Da ya kunna, sai ya zare zare guda daga bakin mayafina ya riƙe a gabansu. Ɗaya ta ja zaren ciki, ɗaya ta tura shi waje. A kife ya ɗaura ta. Na ce ashe abin da aka koyo a Yamai ke nan. Ya ce in bari ya ji da abu guda, ya kwance ya juya ta.

Saura hanyar da iska za ta shiga. Ya kai murfin gefen wurin maƙeri aka yanke masa taga. Yana dawowa ya tsaya tsakar gida yana magana shi kaɗai, wai taga ba raga ƙura za ta kwasa. Da muka koma ɗaki bayan azahar, muka tarar da rariyar tankaɗen Inna a kan teburi, sabuwar, ba tsohuwar ba. Ya yanke ragar ya manna.

Rana tana ƙuna sosai lokacin da ya kunna. Kukan gyare ya tafi, sai wani huci mai laushi. Ya sa a haɗa fim ɗin, yana duba wata lamba a gefen gilashi yana murmushi. Aka wuce wurin da take mutuwa. Aka yi la'asar tana aiki. Da ta gama, auta ya yi tsalle ya rungume ni, abin da bai yi ba tun yana yaro.

Sai ga Inna a bakin ƙofa da mafici a hannu, tana kallon bango.

"Ta warke, ko har yanzu?"

Na buɗe baki zan ce an gama, ba ta bukatar fifita kuma. Auta ya taka mini ƙafa.

"Da sauƙi, Inna, amma ba a sake da mai jinya ba. Zan gwada fim ɗin tun daga farko, in ba a fifita ba ina tsoro. Ni hannuna ya gaji."

"Ragon banza," in ji ta. Ta jawo kujera. "Waccan kuma ba ta da aikin yi ne?"

Na fita. Na zagaya bayan ɗakin na tsaya jikin taga inda ba za ta gan ni ba. Auta ya sauko da gilashin ƙasa-ƙasa, wai don waya ta kai. Kwamfutar a rufe take, iskar maficin a jikin ƙarfe kawai take tsayawa, kuma na tabbata Inna ta sani.

Can na ji ta ce, "Kai, dubi kawunku! Da wannan ƙafa tasa yake rawa?" Ta yi dariya har da tari. Ta gane matan garin Matankari da suka zo bikin ɗaya bayan ɗaya, ta ce wance ta sa zanen aro, wance kuma ta ci tuwon biki har ta manta da ɗanta. Sai guɗa ta tashi a cikin fim, aka fito da ni. Ƙarar maficin ta tsaya. Na leƙa. Ta matso har goshinta ya kusa taɓa gilashin, maficin yana kwance a cinyarta.

Da wurin ya wuce ta gyara zama, ta share fuska da bakin mayafi.

"Wa ya ɗaura mata kallabin ga a karkace?"

Auta ya ce bai sani ba.

"Maida shi baya," in ji ta. "Wurin nan ban fifita da kyau ba."