Malam Yusha'u da Sandar Tsere

Duk wanda ya san Malam Yusha'u a Agege ya san ba da biro ya fara neman abinci ba, da gammo ya fara. Shekara goma sha ɗaya yana dako a kasuwar Mile 12, yana sauke kwandunan tumatir daga tirela, har wuyansa ya yi kauri, gashin tsakar kansa ya yi masa sallama. Da bayansa ya fara ciwo, sai Hajiya Badiyya, mai wata 'yar makarantar firamare a bayan layin dogo, ta ɗauke shi gadi. Ba a yi wata biyu ba ta leƙo ta taga, ta hango mai gadinta ya tara 'yan aji huɗu ana langa, shi ma yana tsakiya riƙe da ƙafa ɗaya, yana dariya har da tari. Daga ranar ya zama malamin motsa jiki, ba takarda, ba usur, sai murya.

Kai, mutumin nan ya ji daɗin kalmar Malam! In yaro ya kira shi da ita, sai ya yi kamar bai ji ba don a maimaita. Darasinsa kuwa waƙa ce da tsalle da ihu, yara kamar su cinye shi don so. Abu ɗaya ya gagare shi. Shekara uku a jere suna zuwa gasar makarantun unguwa, shekara uku sandarsu na faɗuwa a tseren miƙa sanda, ana yi musu dariya da Hausa da Yarbanci.

Hajiya ta gaji, ta ɗauko Malama Mastura, haifaffiyar Agege, mai takardar koyarwa da usur a wuya.

"Malam Yusha'u, bana in sandar nan ta sake taɓa ƙasa, ka koma bakin get," in ji Hajiya. Ranar ko abincin rana bai iya ci ba.

Malama Mastura ta iya aikinta, ba ƙarya. Ta ja layi da farin alli, ta nuna wa 'yan mata huɗu masu tseren inda za su tsaya, da yadda mai karɓa za ta fara gudu ta miƙa hannu baya ba waiwaye. Ta kuma gargaɗe su cewa duk wadda ta wuce layi ba a gama miƙawa ba, an fitar da su. Gudu ya yi kyau, amma sanda na nan tana faɗuwa, don mai bayarwa na saki tun mai karɓa ba ta damƙe ba.

Yusha'u ya yi kwana biyu yana kallo, sannan ya matso yana sosa ƙeya.

"Malama, mu a Mile 12, na kan mota ba ya sakin kwando sai na ƙasa ya ce 'Saki!' da bakinsa. Tumatir ba ya yafe ganganci."

"Oga, wannan ai ba ya cikin littafi," ta ce tana dariya. "Oya, a gwada."

Aka haɗa layinta da ihunsa. Mako uku sanda ba ta ga ƙasa ba.

Ranar gasa fili ya cika maƙil, ga makaɗa, ga masu sayar da ruwa. Miƙawa ta farko lafiya, ta biyu lafiya. Saura Mubina ta ba Kalsum, mai gudun ƙarshe. Kalsum ta damƙi sanda da kyau, amma hayaniya ta ruɗa ta, kalmar ta ɓace mata. Ita kuwa Mubina, 'yar halak, ta ƙi saki. Haka suka yi ta gudu su biyu da sanda ɗaya, ga layi na matsowa.

Yusha'u har ya hango kansa a kan bencin gadi. Sai ga Malama Mastura ta tofar da usur, ta tattare hijabi, tana bin gefen fili tana kwarara ihu: "Saki! Mubina, abeg saki!" 'Yan makarantar duka suka ɗauka. Mubina ta girgiza kai tana gudu, don Malam ya ce mai karɓa kaɗai ke faɗa.

Saura taku ɗaya a wuce layi Kalsum ta farga, ta tsala ihun da har makaɗa suka tsaya: "Saki!"

Na uku suka zo. Amma in ka ga Yusha'u ranar, sai ka rantse kofin duniya aka ba shi. Ya cafe ƙafa ɗaya ya zagaye fili da langa, yara na bin sa, Hajiya na dariya har ɗankwalinta ya zame.

Ran Litinin Malama Mastura ta buɗe masa littafin darasinta, inda ta rubuta sabuwar dabarar da sunan mai ita. Shi da boko ba su taɓa shiri ba, don haka ta nuna masa wurin da biro, ta karanta masa.

"Har da Malam ɗin kika sa?" ya tambaya.

"Har da shi."

Ya cire hula ya goge ido. "Ban ji sosai ba, Malama. Sake karantawa."