Sunan da Tome ta ƙi rubutawa

Da na dawo ƙauyenmu a Iwate bayan shekara tara ina karatu a waje, na tarar yaran mata duk sun zama Himari da Yui da Rin. Iyayenmu mata kuwa duk "ko" ne ƙarshen sunansu. Na ɗauka yayi ne kawai, kamar na takalmi, kuma ina shakkar ko abin ya kai a rubuta. Maƙwabciyarmu Tome Kikuchi ce ta sa na sake tunani.

Shekararta tamanin da tara. Ita ce ta bakwai a gidansu, duka mata. Da aka haife ta mahaifinta bai ko leƙa ɗakin ba, ya ce a sa mata Tome, wato "a tsaya haka". A lokacin haka ake yi wa 'yar da ba a nema ba. A makaranta 'yan ajinsu Kazuko ne da Fumiko, sunayen 'ya'yan gata, ita kaɗai ce idan malam ya kira ta kowa ya san abin da aka ce a gidansu. Da ta haifi tata 'yar sai ta sa mata Michiko, ta kuma koyi rubutu da burushi don ta rubuta sunan da hannunta. Tun daga nan duk jaririn da aka haifa a dangi, ita ke rubuta sunansa a farar takarda ranar bakwai, a manna a bango.

Bara matar jikanta Shunsuke, ɗan Michiko, ta haifi mace. Ranar bakwai aka dafa shinkafa da jan wake, aka gasa kifi. Tome ta zauna ta niƙa tawada, ta shimfiɗa takarda.

"To, ja'iri, faɗi sunan kafin hannuna ya fara rawa."

Shunsuke ya dubi matarsa Natsumi, suka yi murmushi. "Kaka, takwara muka yi miki. Tome."

Ta ajiye burushin. "Wasa kake?"

"Wallahi da gaske. Sunayen da ne ake yayi yanzu, gajeru, masu daɗin faɗa. A birni har rububinsu ake."

"Ka san me ake nufi da shi?"

"Haba Kaka, wa yake bin ma'ana yanzu? Mu dai ke muke nufi."

Natsumi ta ce a hankali, "Tun cikin yana wata biyar da shi nake kiran ta, Kaka."

Tome ta dubi jaririyar, ta dubi takardar. Shekara sittin da wani abu tana rubuta wa 'ya'yan mutane fatan alheri, yau an ce ta rubuta wa jininta abin da aka rubuta mata. Ta so ta ba su labarin mahaifinta, amma gida cike da baƙi, iyayen Natsumi na zaune. Sai kawai ta ce, "Hannuna ba zai iya ba." Ta tashi ta shiga ɗaki, kifi ya huce a faranti.

Doka ta ba da kwana goma sha huɗu a yi rajistar suna. Michiko ta yi ta zirga-zirga tsakanin uwa da ɗa. Shunsuke ya ce an watsa masa ƙasa a ido gaban surukai, Natsumi ta yi kuka. A rana ta goma sha uku ya je ofis ya rubuta Tome. Takardar da ke bangonsu yanzu na'ura ce ta buga ta.

Suna kawo yarinyar duk wata. Tsohuwar tana ɗaukar ta, tana ɗinka mata riguna. Na tarar da ita tana shanya kabewa a tsakar gida, na tambaye ta da wane suna take kiran yarinyar.

Ta ce, "Ban kira ba tukuna. Duk sanda na buɗe baki, muryar babana nake ji."