Libar Giyar Motar Baba

Shekarar da gwiwar Baba ta hagu ta ƙi, taka kulocin tsohuwar a-kori-kurarsa ya zame masa azaba. Da motar yake kai gero da gyaɗa kasuwar Minjibir tun ina firamare, kuma ya rantse ba wanda zai karɓi makullin yana raye. Bakaniken garinmu, wani dattijo marar yawan magana, ya ce a cire giyabos ɗin a sa otomatik, ƙafar hagu ta huta. Aka samo ɗan Beljiyam, wato na hannu da aka shigo da shi daga waje, aka ɗaura. Sai dai ya zo ba liba, wato sandar da ake sa giya da ita. Ni aka ɗora wa nemo wadda za a kafa a ƙasa, kusa da kujera.

Na ɗauka aikin yini ɗaya ne. Na roƙi izini a makarantar da nake koyarwa, na hau bas zuwa kasuwar kayan mota a birni, na dawo da wata 'yar gajera mai sheƙi. Baba ya juya ta a hannu.

"Wannan sai na sunkuya kamar mai tsince tsakuwa a wake? Gwiwa ce ta lalace, kana so ka haɗa mini da baya?"

Na mayar. Na kawo doguwa. Bakanike ya huda ƙasan motar, ya ɗaure ta, ya ja waya. Da aka jawo ta baya sai ta tokare da kujera, ba ta isa inda mota za ta yi gaba ba. Na ce a matsar da kujerar kaɗan. Baba ya dube ni kamar na ce a rushe ɗakin Inna.

"Kujerar nan ba ta taɓa motsi ba, ba kuma a kanka za ta fara ba."

A zuwa na uku mai shagon ko sallamata bai amsa da kyau ba. Wannan karon na tafi da kara da na auna tsawon da ake so, na yi ta gwada shi a jikin libobi ana kallona. Na samu wata mai lanƙwasa, ta zauna daidai. Na ce alhamdu lillahi, na huta.

Ashe da saura. Ranar gwaji muka ɗora buhuna shida muka hau hanya. Da injin ya ɗaga murya, hannun Baba ya kai kan liba da kansa, kamar yadda ya saba, ya tura ta gaba. Mota ta faɗa firi, giya ta fita, ta yi ta kuka ba ta ja, muka tsaya a tsakiyar yashi.

"Baba, don Allah ku bar ta! Ita take canza wa kanta."

"To ni mene ne aikina a cikin motar?"

Kafin mu isa kasuwa ya yi haka sau huɗu. A na ƙarshe saura ƙiris ya zarce ribas, na ji wata ƙara a ƙarƙashinmu. Na damƙe libar da hannu biyu. Haka muka ƙarasa, yana tuƙi, ina riƙe, yana buge mini hannu yana cewa na raina shi.

Kasuwa uku na yi ina wannan gadi, ranar hutuna tana tafiya a banza. Daga ƙarshe na je wajen bakanike na ce ko ya nemo dabara ko na bar garin. Ya yanko ɗan ƙarfe ya yi masa walda a gindin libar, yadda ba za ta tafi gaba ba sai an ɗaga ta sama da gangan.

Da kasuwa ta zagayo muka hau hanya, Baba ya tura, ta ƙi. Ya sake turawa, ya yi tsaki, ya mayar da hannunsa kan sitiyari. Da muka sauke kaya a Minjibir abokansa suka kewaye motar suna leƙe. Ina tsaye a gefe, gumi yana zuba, na ji yana gaya musu cewa irin wannan liba sai wanda ya san mota yake iya zaɓenta, shi ya sa bai bar wa kowa zaɓin ba.