Sarkin da Ya Dawo da Hanci

Ɗan kawunmu Radivoje ya shekara arba'in yana bin bayan garma a gonakin bakin kogin Danub, kai a sunkuye kamar kazar da ta ɓatar da tsaba. Kwabban tagulla na Rumawan dā yake tsinta. Sai ya jiƙa su a man zaitun wata shida, ya bi su da tsinken sakace, har matarsa Ljubinka ta rantse sarakunan da ke jikin kwabban nan sun fi ta cin mai a gidan.

Bai iya karanta rubutun jikinsu ba, da fuska yake gane su. Akwai Mai Wuyan Raƙumi, akwai Gemun Bunsuru. Guda ɗaya ne ya gagare shi: wani siririn sarki da bakin garma ya fizge wa hanci. Duk littattafan malamin makarantar ƙauyen babu shi. Radivoje ya sa a ransa sarki ne da bai yi wata uku a gadon mulki ba, irin wanda ba a samun kwabonsa.

Sai Stanimir ya ce zai kai kwabon Belgrade masana su duba. Stanimir kuwa kum ne, wato wanda ke riƙe 'ya'yan gidan a coci ya raɗa musu suna. Gidansu ke yi wa gidanmu haka tun kakanni, ba a kuma yi wa kum musu.

Bayan mako uku ya dawo da sabuwar rigar fata, ya ajiye kwabon kusa da kofin gahawa, wai masana sun ce gama-gari ne, ana samunsa buhu-buhu. Radivoje ya ɗauka, ya juya. Kore ne kamar nasa, fuskar ma ita ce, amma ga hanci zuwat, ko ƙwarzane babu.

"Kum," in ji shi a hankali, "ashe har asibiti ka kai shi."

Stanimir ya yi dariya, ya kurɓi gahawa, ya shiga zancen farashin aladu.

Radivoje bai ƙara tada maganar ba. Da aka haifa masa jika a bazara, ya sa takalmansa na coci, ya wuce ta ƙofar Stanimir ko waiwaye bai yi ba, ya je ya roƙi mai gyaran tarakta ya raɗa wa yarinyar suna.